Abokan Yaya Bawa na Cikin Rediyo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Bawa Tela, amma har yau in na ji ƙugin rediyo ana laluben tasha sai gabana ya faɗi.

Duk wanda ya san layin teloli na Kontagora a lokacin ya san shi. Shi ne shugaban ƙungiyar masu sauraron sashen Hausa na rediyon wata ƙasa mai nisa. Kowace Juma'a sai ya bar keken ɗinki ya rubuta musu wasiƙa: ran kaza murya ta fito tangaran, ran kaza ta shaƙe. Su kuma su aiko da kalanda da mujalla mai hotunan gadojinsu da asibitocinsu. Ranar da aka karanta sunansa kuwa, gyaran wando kyauta ne.

Na sha gaya masa, "Yaya, mutanen nan tallar ƙasarsu suke yi." Sai ya harare ni ya ce, "Kai matsalarka zargi. Sun koyi harshenmu don su gaishe mu, me kuma kake so?" Har katin gayyatar bikin suna ya aika musu, ya ware musu goro. Wallahi abin yana ba ni haushi.

Yanzu irin waɗannan ƙasashen sun shigo cikin wayoyinmu, kowace da bidiyonta da masu yabonta. Nakan ce ko me Yaya zai ce? Ina jin zai tambaya ne kawai, wa ake rubuta wa?

Da ya rasu, an zo gaisuwa daga Salka, daga Bangi. Bayan sadakar uku matarsa, Anti Lami, ta ce da ni, "Ka sanar da abokansa na rediyo, kada su ji a bakin wani." Na rubuta. Wata huɗu tana tambayata ko amsa ta zo.

Daga baya ambulan ɗin wasiƙa ya iso da sunansa a kai. Kati ne bugun inji, suna gode masa, suna roƙonsa ya ci gaba da sauraro.

Anti Lami, da ba ta iya karatu ba, ta ce, "Sun yi gaisuwa?"

Na ce, "Sun yi, Anti. Sun ce sun yi babban rashi."

Ta yi kuka, ta sa musu albarka.

Keken an sayar, ƙungiyar ta watse. Abin da ya rage na Yaya Bawa shi ne yardarsa da mutane, kuma tana nan wurin matarsa. Har yau in an ambaci waccan ƙasar sai ta ce, "Mutanen kirki, sun san zumunci." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Haka ne, Anti."