Ramin da ke ƙarƙashin keken ɗinki

Ƙanena tela ne, kuma ba wani telan a zo a gani ba. In ya ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai ya ce kafaɗarka ce a karkace. Abin da ya sa ake gaishe shi a layinmu rijiya ce. Tun kafin ya yi wa ɗakinsa rufi ya haƙa ta a ƙofar gida, ya ɗaura guga, ya ce kowa ya ɗiba. Ruwanta garau, ga sanyi. Daga nan sunansa ya ɓace, yaro da babba sai Mai Rijiya. Da safe yakan buɗe tagar shago yana taka keke, mata na wucewa da bokitai suna sa masa albarka, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Yana ji sarai. Ni na goya shi, na san kunnensa.

Da gwiwa ta fara cin sa har tsuguno ya gagara, sai ɗansa da ke aiki a nesa ya aiko masa da masai na zama, fari fat, irin wanda ake korawa da ruwa. Irin wannan kuwa sai da sokawe, wato ramin da ƙazanta ke taruwa ƙasa tana shanye ruwanta. Kuma ba a haƙa shi sai duba-gari ya zo ya gani ya ba da izini.

Duba-gari ya zo, wani siririn mutum mai yawan tari. Ya ja igiyar awo daga bakin rijiya zuwa katangar baya. Ya sa aka tona ɗan rami, ya zuba ruwa, kafin ya miƙe tsaye ruwan ya ɓace.

"Ka gani ko," in ji ƙanena yana washe baki, "ƙasata ba ta riƙe datti."

"Ai matsalar ke nan, Baba. Yashi ne. Abin da ya sha nan, can zai kai shi." Ya nuna rijiya da haɓa. "Kuma filin ya yi kaɗan. Ko rijiya ko rami, ka zaɓi ɗaya in sa maka hannu."

Ƙanena ya zaɓi duka biyun. Ya rufe shago ya ce gyara yake yi, a cikin shagon aka haƙa ramin. Ana fitar da yashi a buhuna kamar tarkacen yadi. Aka zuba siminti, aka shimfiɗa leda, ya mayar da keken ɗinkinsa a kai. Tsakanin ramin da rijiya, in ka tofa yawu zai kai.

Na same shi na ce, "Auta, me ka binne a ƙarƙashin ƙafarka?"

"Yaya, ƙasa tana tace komai."

"Da tana tace wauta, da ta tace taka tun kana rarrafe kana cin ta."

Ya yi dariya, ya ci gaba da taka keke.

Damina ɗaya ta wuce lafiya. A ta biyu ruwan ya fara wani ɗan wari, sai ka kai kofi baki kake jin sa. Yaran layi suka shiga gudawa da zazzaɓi. Na bi gida-gida na faɗa wa mata su daina ɗiba. Da ƙanena ya ji, sai ya fito da sabuwar dabara. Kullum da safe shi zai ja gugan farko, ya cika kofi, ya tsaya inda kowa ke ganinsa ya shanye tas, ya goge baki ya ce, "Tsufa ne ke damun hancin Yaya." Mata kuwa, ga famfo ya shekara bai kawo ba, ga dattijo yana sha a gabansu, sai suka ci gaba da ɗiba.

'Yar wata mai wanki a layinmu ce ta fara rasuwa. Ko makaranta ba ta shiga ba, ita ce mai tsintar ƙyallaye a ƙofar shagonsa tana yi wa 'yar tsanarta zane.

Duba-gari ya dawo. Ya zagaya tsakar gida, ya leƙa bayan katanga, ya buga ƙasa da sanda, bai ga rami ba. Ƙanena na cikin shago yana taka keke da ƙarfi, ba ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ɗan nan, ka ce masa ya ɗaga ƙafarsa."

Aka janye keke, aka ɗaga leda. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya." Ita ce maganar ƙarshe da ya yi mini.

Aka cike rijiya da ɓaraguzai, aka shafe bakinta da siminti. Masan nan fari yana nan, ba abin da ya same shi. Babu wanda ya zagi ƙanena, ko mai wanki ba ta ɗaga masa murya ba. Mata dai suna wucewa da bokitai zuwa layin baya, wadda ta ga dama ta ce, "Sannu, Tela." Wannan ya fi zagi ci masa rai.

Lokacin ciwon ya riga ya kama shi. Ya rame, idonsa ya faɗa, wandon da ya ɗinka wa kansa sai da igiya. Ɗansa ya yi ta magiya a waya, ya ƙi asibiti, don zuwa asibiti amsa laifin ruwan ne. Na kai masa dafaffen ruwa a buta, ya juya fuska bango.

Bai ga ƙarshen daminar ba. Da za a yi masa wanka, babu ko ɗigon ruwa a gidan. Na ɗauki bokiti zan fita, sai na ci karo da mai wanki a ƙofa, ta ɗauko nata cike daga layin baya. Ta sauke shi a kan simintin rijiyar, ta gyara ɗankwalinta, ta juya ta tafi.