Mijina ya buga ƙwallo da sunan maƙwabci

Ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba. 'Yata ta fari ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye ta jira, kada ta cika wurin da maganarta.

Mijina ya rasu bara, kwana kaɗan bayan babbar salla. Har yau in na dafa shayi kofi biyu nake ɗaukowa. 'Yan yanzu sun san shi tsoho mai ɗingishi da ke sayar da dabino a gindin dutsen Uhudu. Amma kafin dabino ƙwallo ya buga, ita ce sana'arsa. Da ita ya aure ni, da ita muka ci muka sha har na haifi uku.

A goye ya shigo Madina. Iyayensa sun taso daga Cadi da ƙafa, suka ratsa Sudan, suka haye ruwa. Lokacin da mutanenmu ke zuwa karɓar tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, surukina ya ƙi zuwa. Ya ce shi maƙwabtakar Manzo ta kawo shi, ba takarda ba. Allah ya jiƙansa, bai san abin da ya bar wa ɗansa ba.

Nadi, wato ƙungiyar da ta ga wasan mijina ta so shi, ba ta ɗaukar kowa sai ɗan ƙasa. To yana da amini, maƙwabcinmu a unguwar Anbariyya, wanda kakansa ya karɓi tabi'iyya. Tsawonsu ɗaya, baƙinsu ɗaya. Shi aminin fuka gare shi, ko bene zai hau sai ya huta a rabi. Ya ara wa mijina takardarsa. A wancan zamani wannan ba abin mamaki ba ne a cikinmu. Da takardar aro ake kai marar lafiya asibiti, da ita ake sa ɗa makaranta, kamar dai aron turmi. Ba wanda ya yi tunanin ranar mayarwa.

Ban taɓa ganin wasansa ba, mata ba sa shiga fili a lokacin. A rediyo nake bi. Larabcin mai sharhi ya fi ƙarfina, sunan kawai nake kamawa, sunan maƙwabcinmu. In an kira shi da ƙarfi sai in saki muciya. Shekara da shekaru ina murna da sunan mijin wata. An ce shi ba mai yawan ci ba ne. Yana tsakiya, shi ke raba ƙwallo, yana ganin inda mutum zai je tun kafin mutumin ya sani.

Wata rana bayan la'asar ya shigo da takarda cikin ambulan. Ya zauna bai cire takalmi ba. Ya ce an kira shi ƙungiyar ƙasa. Na tashi zan yi guɗa, ya riƙe mini zane. Ya ce ƙungiyar ƙasa waje take fita, sai da fasfo, fasfo kuma sai an binciki mutum har kakansa. Ni da hannuna na naɗa masa bandeji a gwiwar dama, wadda ba abin da ya same ta. Ya je ya ce ya ji rauni, aka cire shi tun ba a bayyana sunaye ba. Wata biyu yana ɗingishin ƙarya a unguwa. Bayan 'yan shekaru ita wannan gwiwar ce ta karye da gaske, wasa ya ƙare. Yakan ce ƙazafi ya yi mata, ta rama. Takardar kiran kuwa ya ba ni, na sa a ƙasan akwatina. Mu uku muka san da ita: ni da shi da mai sunan.

Ranar ukun rasuwarsa ina ɗaki cikin mata, rumfar maza tana jikin tagata, sai na ji murya ta tashi. Ashe nadi ta gina sabon zaure, za ta rataye hotunan manyan 'yan wasanta na tun farko a bango, har an kafa kwamitin tantancewa. Wani magidanci ɗan unguwarmu mai aiki a filin jirgi yake cewa, rabi Hausa rabi Larabci, "Ya ammu, baffa, Allah ya jiƙansa, amma na duba. Ƙwallayen da ya ci ba su da yawa. Ƙungiyar ƙasa ba ta taɓa kiransa ba. Ta yaya za a sa shi cikin manya?"

Tsohon golan nadi, mai tsaron gidansu, ya ce, "A ina ka duba?"

"A waya."

"Wayar taka ta taɓa tsayawa a raga?"

Aka yi dariya, a gidan makoki. Sai ɗan gabansu na da, wanda ya fi kowa ci a zamaninsu, ya ce, "Ku ji tsoron Allah. Duk wadda na ci, shi ya ajiye mini a ƙafa kamar an miƙo mini shayi."

Mai tsaron gida ya ce, "Gaskiyarka. Ko akuya aka tsayar a wurinka da ta ci rabi."

Mai wayar bai bari ba. Ya ce, "To wa ya ƙirga waɗanda ya bayar? Kwamiti da littafi yake aiki, ba da hira ba."

Ba wanda ya ƙirga, domin a zamaninsu mai ci kaɗai ake rubutawa, ba a rubuta mai bayarwa. Ni kuwa na cusa fuskata a mayafi. Matan suka yi ta ba ni haƙuri, ba su san rabin abin da nake yi wa kuka ba.

Ina wata na biyu a takaba mai sunan ya zo. Yanzu a unguwar Al-Khalidiyya yake, gidan 'ya'yansa. Ya zauna a falo, ni ina bayan labule, ɗana yana tsaye tsakaninmu. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, mutanen nadi sun bi sunan da ke littafinsu, suka same ni. Sababbi ne, ba su san komai ba. Sun ce kwamiti ya rabu biyu. In akwai shaidar ƙasa ta taɓa kira, magana ta ƙare, an shiga bango. Takardar nan na zo karɓa."

Na ce, "Alhaji, sunan wa za a rubuta?"

"Wanda ke littafi."

"Hoton wa?"

Ya yi tari mai tsawo. Ya ce, "Sun ce na da ya dushe. Sun ɗauke ni sabo."

Na ce, "Kai da ko bene ba ka iya hawa?"

"Hajiya, ban roƙa ba. Duk namu sun san ƙafar wa ce."

"Namu nawa suka rage? Bawan Allahn nan yana maƙabartar Baƙi'a, kabarinsa ba suna, ni mace ko shiga ba zan yi ba balle in ce ga shi nan. Yana raye an kira shi da sunanka, ya mutu kuma a rataye fuskarka? Ka je ka gaya musu gaskiya."

Ya sassauta murya. Ya ce, "'Ya'yana uku aikin gwamnati suke yi. Naki kuma kowace shekara sai an sabunta musu iƙamar zaman baƙi. In na buɗe baki, wa zai tsira? Ni na ara, shi ya karɓa. Na taɓa yi muku gori?"

Bai taɓa ba, wannan kam gaskiya ya faɗa. Ɗana yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya juyo wajen labule ya ce, "Khalas ya ummi," wato in bayar a wuce wurin. Ya ce ko da sunan wa ne, wasan ubansa za a girmama. Na ce su ba ni kwana biyu.

Na fiddo takardar. Ta yi ja, ninkinta ya kusa rabuwa. Ban san harafi ko ɗaya a cikinta ba, hatimin kaɗai na gane. 'Yata ta karanta mini sau biyu, sau biyun kuma sunan maƙwabci na ji. Na mayar da ita ƙasan akwati. Na aika wa Alhaji cewa na nema ban gani ba, wataƙila ta ɓata a tashinmu daga Anbariyya. Ƙarya na yi ina cikin takaba, Allah ya yafe mini.

Kwamiti ya zauna. Mai tsaron gida ne ya kawo mini labari daga bakin ƙofa. Sun ce ɗan wasa ne mai kyau, amma bai kai manya ba. Ya ce, "Hajiya, na yi rantsuwa har na gaji. Suka ce in ya kai yadda nake faɗa, me ya hana ƙasa kiransa?" Na ce masa Allah ya saka da alheri. Akwatin yana bayana, taku uku.

Tun ranar Alhaji bai ƙara aiko gaisuwa ba. Ɗana ya daina zama hira a ɗakina. Nakan tambayi kaina abin da marigayi zai ce. Wata rana in ga zai ce na kyauta. Wata rana in tuna shi mutum ne da ya saba ya bayar wani ya ci, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Sai in ga ni ce na ji ciwon a madadinsa, na hana shi ɗan abin da ya rage masa. Ba ya nan balle in tambaya.

Da na fita takaba na ce 'yata ta kai ni zauren, tun da yanzu mata suna shiga. Hotuna ne manya, kowanne da fitila a kansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da sandata. Na gane ɗan gaban nan, yana saurayi, baki buɗe, yana murnar ci. A kafaɗarsa akwai hannun wani, an yanke sauran jikin a gefen hoton. Ƙaramin yatsan a karkace yake, ƙofar mota ce ta datse shi muna sabon aure. Na ce wa 'yata ta karanta mini abin da ke ƙasa. Ta karanta sunan ɗan gaban da yawan abin da ya ci. Na ce, "Sai me?" Ta ce, "Shi ke nan, ummi." Na tsaya a wurin har mai gadi ya zo ya ce za a rufe, an kira salla.