Masaukin Ruwa a Bayan Gidanmu

A Gazawa na tashi, a gidan ƙasa da kakanmu ya gina da hannunsa. Ƙasar ginin a bayan gida ya haƙo ta, ramin da ya bari kuwa shi ya zama kududdufi. Duk ruwan unguwa nan yake gangarawa da damina, kwaɗi su hana mu jin kiran salla. Ɗakin kakata Iya Tabawa shi ne a gefen ramin, kuma ya fi kowane ɗaki zama a kwari.

Shekarar da jam'iyyu suka ɓarke, soja na shirin miƙa mulki, garin ya cika da baƙi 'yan kasuwa daga ƙetaren iyaka. Ko'ina ka duba kanti ake ɗorawa, bulo da kwano. Sai babana ya ce zai cike kududdufin ya yi shaguna. Har amalanken jaki sun fara zubo ƙasa.

Iya ba ta ce masa kanzil ba. Ɗan farinta ne, kuma ita ta mutanen dā ce: ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi hira. In ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. In tana son gaya masa abu, mu take aika.

Ran nan bayan an ci tuwo muka kewaye murhunta, muna tura kara a wuta saboda sanyi. Baba yana kan tabarma bakin zaure da rediyonsa, yana sauraren 'yan siyasa.

"Kai angona, matsa can, ka tare mini wuta da wannan ƙaton kan naka," in ji ta da ni. "To, ga wata nan tafe gare ku."

Muka ce ta iso, muna jira.

Ta ce wai wani magini ne ya roƙi Ƙasa ta sam masa abin gina ɗaki. Ƙasa ta ce ya ɗiba, amma ramin ya bar shi, don tana da wa mai suna Ruwa da ke zuwa ganinta kowace shekara, nan zai riƙa sauka. Aka zauna lafiya har magini ya mutu. Sai ɗansa ya ga ramin ya tsone masa ido, ya cike shi, ya kafa rumbu a kai.

Na lura muryar Iya ta fi ta kullum ƙarfi. Ita da sai mun kasa kunne, yau har awaki suna ji.

"Damina ta faɗi, sai ga Ruwa da kayansa niƙi-niƙi. Salamu alaikum! Ina masaukina? Aka ce ai an yi rumbu. Ya ce to madalla, Allah ya sa albarka, amma baƙo ba ya kwana a titi a garin Musulmi. Ya duba, ya duba, wane ɗaki ya fi sauƙin shiga? Sai na tsohuwar gidan. Ya shiga ya haye gadonta ya miƙe ƙafa. Da gari ya waye, bango ya zauna, tsohuwa tana waje da tabarmarta a ka."

Ƙanwata ta tambaya ko Ruwan mugu ne.

"Ina fa mugunta, 'yar nan? Wurinsa ya zo nema."

Ta kakkaɓe zane ta ce tatsuniya ta ƙare a kan ɓera, kowa ya kama gabansa. Sai a lokacin na ankara rediyon Baba ya daɗe da yin shiru.

Washegari masu amalanke suka zo, ya sallame su. Ƙasar da aka riga aka zuba, da ita aka yi wa ɗakin Iya sabon yaɓe. Wallahi haushi na ji, don na riga na gaya wa 'yan lakol, abokaina na makaranta, za mu yi kanti.

Yau a Maraɗi nake haya, a unguwar da aka gina kan tsohon kududdufi. Gidan siminti ne, da rani kamar tanda, da damina mu ɗora katifu kan tebur muna kwarfar ruwa da kwano. Duk sanda hadari ya haɗo sai in ce wa yarana su shirya, mai masauki na tafe.

Ramin Gazawa yana nan. Masu saye sun yi ta zarya, Baba yana ce musu wurin da mai shi. Bayan rasuwar Iya, da tsufa ya kama shi, na taɓa zolayarsa, na ce ashe dattijo kamarsa tatsuniyar yara ta hana shi arziki.

 Sai ya ce, "Ba da ku take ba. Tun da ta haife ni, ranar ce kaɗai ta zauna ta yi mini magana mai tsawo. Kai kana so in ce ban ji ba?"