Gilashin Motar Mijin Zulai

Sallama gare ku matan Islamiyyarmu. Kun ishe ni da "Hajiya a ba mu labarin Maleshiya", to ga shi na rubuta, kowa ta karanta ta bar ni in huta. Kun san ni, ko kasuwar unguwa ba na leƙawa sai dole. Wankan jegon 'yata Zulai ne ya fitar da ni, kuma duk zamana a Kuala Lumpur sau biyu na yi fita mai sunan fita, duka biyun a kan gilashin mota.

Setapak, bayan asuba

Mun sauko daga benen su Zulai a unguwar Setapak ƙarfe shida da kwata, gari da duhu, amma zafi kamar an rufe ka a tukunyar dambu. Ni ce, da mijin Zulai, da direban da ya ɗauka na yini, wani dattijo ɗan ƙasar mai suna Pak Mat. Mijin Zulai kuwa Injiniya zan riƙa ce masa, don kun san ba na kama sunansa.

Sai na fara gaya muku abin da ya fitar da mu. Injiniya karatun dakta ya kawo shi, amma shekara uku ke nan yana haɗa mota da hannunsa a ƙarƙashin benen da suke haya. A akwatuna sassanta suka zo, kamar gadon amarya, shi ya ɗaɗɗaura. Kujera biyu gare ta, ba rufi, tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Ranar da na fara ganinta na ce wa Zulai, "Wannan mota ce ko kwale-kwale? In za ku unguwa jaririyar a but za ku sa ta?"

Komai ya kammala sai gilashin gaba. Wanda ya zo a akwati ya fashe a hanya, kuma babu shagon da ke da irinsa, sai dai a yi mata nata. Ga masu benen sun gaji, sun ce ƙarshen wata in ba ta da lamba janwe za ta ɗauke ta. Masu duba mota kuma ba sa ba da lamba sai da gilashi. Don haka ya yi mako guda yana lanƙwasa waya a bakin motar, yana manna kwali a kai, har ya fitar da samfur mai siffar gilashin da yake so. Shi za mu kai wa mai gilashi.

Ni me ya haɗa ni da wannan? Zulai ce. Ta ce, "Umma, ki bi su mana, ta kasuwar Chow Kit za su wuce, ki yi tsarabarki."

Na ce, "Ni da suruki a mota ɗaya?"

"Yana gaba kina baya. Ai ba cinye ki zai yi ba."

Shekara shida da aurensu, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa. Ya durƙusa, kai a ƙasa, ina kwana, lafiya lau, ya tashi. Sauran duk ta bakin Zulai take bi. Ita kuwa ba ta yi arba'in ba, ba za ta fita ba. Haka muka tafi ba mai fassara tsakaninmu, samfur kwance a but shi kaɗai kamar ango.

Chow Kit

Kafin bakwai mun isa. Kasuwar da ake ta kururutawa, ƙasa jiƙe, kifi na tsalle a kan tebur, ga warin wani ɗan itace mai ƙaya da suke ci suna lumshe ido, ni kuwa sai da na toshe hanci da mayafi. Kuɓewarsu doguwa ce ba yauƙi. Daddawa babu, kuka babu. Ciniki ma ba su iya ba. Na taya hijabi, matar ta danna kuɗi a waya ta nuna min. Na rage, ina jira ta ce albarka mu ja, sai ta ce "tak boleh lah" ta juya tana cin shinkafa. Wai ba zai yiwu ba ke nan. Mutanen nan komai sai sun sa masa "lah" a gindi.

Duk da haka na yi sayayya. Hijabai goma a ringit sha biyu-sha biyu, citta, kanumfari, busassun ƙananan kifi, da robobin wanki masu murfi guda huɗu. Injiniya na biye da ni daga nesa yana karɓar leda.

Mun karya a shagon Indiyawa da suke kira mamak. Wainar fulawa da romo, da shayin da ake zubowa daga sama ana tarewa, ko mai shayin bakin tasha bai fi su iyawa ba. Injiniya ya zauna can wani tebur ya ba ni baya.

Da muka dawo mota kaya suka ƙi shiga but. Injiniya ya koma karɓo wata leda da na manta, kafin ya dawo Pak Mat ya ciro kwalin nan ya jingina shi a tsaye jikin kujerar baya, ya cusa robobina, har da jakar hannuna, ya rufe. Na buɗe ƙofa na ga kwali a wajen zamana. Ban taɓa ganin samfurin ido da ido ba, a gida kullum a lulluɓe yake da tsohon zani. Na zaci yaron kirki ya sa min majingini ne saboda bayana. Har na sa masa albarka a zuciya. Na shiga na jingina, abin ya ɗan lotsa ya karɓi bayana daidai.

Hanyar Sri Petaling

Zuwa unguwar mai gilashi kilomita ashirin ne, suka ce rabin awa. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, motoci suka tsaya cak. Awa ɗaya da rabi muka yi. Titi a kan titi, gada a kan gada, ga ƙofar biyan kuɗi duk inda ka juya, amma ba a tafiya.

Na lura Injiniya ya leƙo ni ta madubi sau ɗaya, ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Sai gumi, alhali sanyin motar har ƙashi. Pak Mat ya yi masa magana yana nuna baya da babban yatsa, Injiniya ya ce, "Boleh, boleh," wato ba komai. Sai danna waya yake yana karawa a kunne yana magana ƙasa-ƙasa.

Pak Mat ya waiwayo ya ce, "Mak cik, okey?" Wato inna ko gwaggo, haka suke kiran babbar mace.

Na ce, "Okey lah." Ya yi ta dariya har da buga sitiyari. Na gyara zama na ƙara miƙe baya, har gyangyaɗi na yi.

Shagon mai gilashi

Bayan Sri Petaling yake, a layin masu walda. Mai shi wani tsohon Basine, kowa Ankul yake ce masa, da singileti da sigari a bayan kunne. Kujera ya ba ni, ruwa kuwa ko tayi. Na hango Injiniya a bayan mota ya sa gwiwa yana danna kwalin, yana ɗagawa yana kallo da ido ɗaya. Na ce a raina yanzu kuma me ya same shi.

Aikin dai na gani da idona. Ƙarfe suke lanƙwasawa ya bi siffar samfur. Su yanka gilashi biyu miƙaƙƙu su ɗora a kai, su tura cikin tanderu. In ya sha wuta sai ya yi laushi ya kwanta a kan ƙarfen, kamar yadda ƙosai ba ya gardama da mai. Sannan su sa wata leda tsakanin biyun su manne, don ko ya fashe kada ya watse a fuskar mutum. Abin da ka kawo shi za a ba ka. Tanderu bai san gyara ba.

Ankul ya shafa kwalin, ya tsaya a gefen hagu, ya yi tambaya. Injiniya ya saci kallona, ya ce, "Okey." Ankul ya sake tambaya yana nuna hanya, alamar ka koma ka gwada. Injiniya ya sake kallon inda nake, ya ce, "Okey, Ankul." Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce kwana goma.

Mun iso gida bayan azahar. Na buɗe jaka na ga kiran Zulai rututu. Na ce lafiya? Ta kalli mijinta, ta ce, "Ba komai Umma, dama in ji ko kun isa ne."

Fita ta biyu

Ranar karɓo gilashi saura kwana biyu wata ya ƙare. Wannan karon ni na ce zan je, don hijabi biyu sun fito da tabo. Mai hijabin ta ƙi canzawa, ba sai na faɗa ba. Gilashi kuwa a tsaye aka ɗauko shi cikin bargo, Injiniya ya rungume shi a baya, ni aka mayar da ni gaba kusa da Pak Mat. Ko a nan ban gane komai ba.

Da la'asar ɗalibai 'yan gida suka taru a ƙarƙashin bene, har da masu ɗaukar hoto a waya. Ni da Zulai muna kallo daga baranda. Mutum biyu suka ɗaga gilashi suka ɗora. Dama ta zauna daram. Hagu kuwa ta ƙi, ta bar rata har yatsa uku. Suka juya, suka danna, wani ya ce a cika da roba, wani ya ce masu dubawa ba makafi ba ne. Wani Bakatsine a cikinsu ya ce, "Dakta, wannan ai kamar wani ya zauna a kai." Injiniya ya ce, "A'a, awona ne bai yi daidai ba."

Na ce wa Zulai, "Kin ji ko. Shekara nawa ana karatu, awon kwali ya gagara."

Sai ta fashe da kuka. "Umma, ke kika jingina da shi. Samfurin ne. Tun daga Chow Kit yake kirana in ce ki matsa, wayarki na but. Ya ce in na gaya miki bai yafe ba."

Sai raina ya ɓaci, kuma ba da kaina ba. Na ce ta kira min shi. Ya hawo ya durƙusa a bakin ƙofa, hannu duk baƙin mai.

Na ce, "Kai yanzu bakinka ciwo yake? Hajiya matsa, kalma biyu, ita ce ta fi ƙarfinka?"

Ya ce, "Na ga kin samu barci ne, Hajiya."

"A shagon fa? Mutumin nan sau biyu yana tambayarka."

"Da na ce a koma, za ki tambayi dalili."

"To da na tambaya sai me? Mutuwa zan yi?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ƙarfe ne, Hajiya. Allah ya huci zuciyarki."

Na ce a sake wani, sarƙata ta zinariya na nan, a sayar. Ya ce ko an sake sai wani kwana goman. Ya je ya roƙi masu benen, suka ce sun ɗaga masa sau uku, ba na huɗu. Ya zaga abokai, duk a bene suke, mai wurin ajiye mota tasa na ciki. A ƙarshe ya kira wani mai sayen tsofaffin sassa, don kada ta tafi a banza.

Ranar ƙarshen wata da hantsi mai sayen sassan ya turo janwe. Injiniya da kansa ya taya su ɗaura sarƙa, yana ce musu su bi a hankali da gefen fenti. Ya tsaya har suka sha kwana. Sannan ya hawo, ya wanke hannu, ya tambayi Zulai ko Hajiya ta ci abinci.

Kano

Bayan arba'in da mako ɗaya na taso. Jirgi biyu, da zaman jira a tsakani wanda ya kusa karya min baya, kuma ba wanda ya sa min majingini. Na sauka da rana, ƙanena ya ɗauko ni, na shiga ɗakina na sha kunun tsamiya na ji na dawo mutum. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Pak Mat, da ku da kuka riƙa leƙa min gida kuna ba kajina ruwa. Masu hijabi ku zo ku karɓa, biyu masu tabo ni zan riƙe.

Maƙwabciyata Ladi ta ji labarin ta ce, "Kai, wannan yaro akwai tarbiyya." Na ce sakarci dai. Mutum ya yi shekara uku yana kwanciya a ƙarƙashin ƙarfe, ya bari a ja shi a gabansa don kada tsohuwa ta ji kunya na minti ɗaya. Sakarci na ce, kuma ban janye ba. Sai ta ce ita nata surukin ranar nan daga cikin mota ya yi mata hon ta kauce. Na ce to Allah ya ba autarki miji sakarai.