Tsagar da Na Bari a Karkace

Ranar Juma'a bayan la'asar nake yi wa 'yata kitso. Ita ce ta fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa ko da ya yi abin yabo. Na yi boko har na gaji da shi, amma wannan alkunyar ban iya cire ta ba. "Ke" nake ce mata tun tana goye. Don haka ɗan lokacin nan da take zama tsakanin ƙafafuna a kan tabarma, ta kwantar da kanta a cinyata, shi kaɗai ne lokacin da hannuna ke daɗewa a jikinta ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Shi ne kuma lokacin da na fi ɓatawa a duk mako.

Likita ce ni a wani asibiti a Bagudo. Marasa lafiyarmu ba 'yan gari kaɗai ba ne. Har daga ƙetaren iyakar Benin ake kawo su a kan babur, wasu da takardar magani rubuce da Faransanci, wasu ba sa jin Hausa sai Dendi, sai an nemo mai fassara cikin masu jiran layi. Mutane suna cewa ni ce likitar da ba ta kuskure. Don su faranta mini suke faɗa, ni kuwa tsoro maganar ke ƙara mini. Ba su san kowace takarda sau uku nake karanta ta kafin in sa hannu ba, in miƙa wa nas, ta kai bakin ƙofa in ce ta dawo in sake gani. Nas-nas ɗin sun saba har ba sa yin nisa, sai su tsaya a bakin ƙofa suna jiran kiran.

Wata damina na rubuta wa wata tsohuwa maganin hawan jini, ɗanta ya ɗauke ta suka koma ƙauyensu can bakin iyaka. Ina cin abincin rana sai zuciyata ta ce, rabin ƙwaya kika rubuta ko guda? Na ajiye cokali. Ba su bar lambar waya ba. Na hau babur ɗin kabu-kabu muka bi laka da kududdufai, takalmina ɗaya ya zauna a wani rafi, na isa gidan kamar wadda aka koro. Takardar daidai take, rabin ƙwaya, da rubutuna ɓaro-ɓaro. Mutanen gidan suka rasa inda za su ajiye ni don murna, har zakara suka yanka mini. Har yau ana ba da labarin a matsayin kirki. Ba wanda ya ga lokacin da na zaga bayan rumbu na yi amai.

Na san inda abin ya faro. Mu 'yan wajen Kurgu ne, kuma ni ce mace ta farko a unguwarmu da aka bari ta wuce sakandare. Ranar da zan tafi jami'a mahaifina ya rako ni tasha, ya riƙe akwatina bai saki ba sai da ya ce, "Dattawa sun sa mani ido. In kika hwaɗi, kin ruhe ma ɗiyan mutane ƙohwa, ba a ƙara tura ko guda." Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma tsoro yake ji. Ban faɗi jarrabawa ba ko sau ɗaya. Yanzu mahaifina ya rasu, 'yan matan unguwar sun cika manyan makarantu ba wanda ya nemi ganin sakamakona, amma tsoron bai san an gama ba.

Wata safiya na ɗauki biro zan sa hannu, hannun ya ƙi. Yatsuna suna rawa, ƙirjina kamar an ɗora mini buhun shinkafa. Na yi wa kaina duk gwajin da muke da shi, zuciya lafiya, jini lafiya, kuma wallahi sai na ji haushi da ban sami komai ba. Wata ƙawata da muka yi karatu tare ita ta ba ni lambar wata likita a Sakkwato, wadda aikinta sauraron masu damuwa da yi musu magani ta hanyar magana. Na ajiye lambar har wata biyu kafin in kira. A Bagudo in aka ji likita tana ganin likitar ƙwaƙwalwa, kafin azahar labarin ya kai Kamba, kuma kafin ya kai ya zama "ta taɓu".

Kowace Alhamis da tsakar rana muke magana ta waya. A mota nake zama bayan ɗakin ajiyar magani, in rufe gilasai duk da zafi don kada wani ya ji, ina gumi ina faɗin sirrina. Ranakun da aiki ya kai ni ƙaramin asibitin bakin iyaka kuwa, wayar takan tsallaka layin Benin da kanta, ina tsakiyar kuka sai in ga kiran ya yanke. Zaman farko da takarda na shiga motar, na jera alamomin ciwona bi da bi, na ja layi ƙarƙashin muhimmai. Ta saurara har na gama, sannan ta yi dariya ta ce, "Likita, nan ba a cin jarrabawa. Ko so kike ki zo ta ɗaya cikin marasa lahiyata?" Abin da nake so ke nan kuwa.

Bayan makonni ta ba ni aikin gida. Ta ce in zaɓi wani abu ƙarami, wanda ba ran kowa a cikinsa, in yi shi ba daidai ba da gangan, in bar shi haka, in zauna da abin da zan ji har ya lafa da kansa. Ta tambaye ni ina kuma nake maimaita abu ban da asibiti. Na ce babu. Ta yi shiru irin nata mai ban haushi, har na ji bakina yana cewa, "Sai dai kitso."

Ga yadda kitsona yake. In raba gashin da kibiya, in shafa man kaɗe, in kitsa layi guda har ƙarshe, sannan in bi tsagar da ɗan yatsa. In na ji ta kauce ko kamar ƙwayar gero, sai in tsefe in sake. Kitson da maƙwabciyarmu ke gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa, ni sai an kira magariba muna kai. Kuma duk lokacin da zan tsefe abu guda nake faɗa: "Kin motsa." Ban taɓa cewa hannuna ya kauce ba. Yarinyar ta koyi zama kamar turmi, ba ta magana, ba ta neman ruwa, ko ƙuda ya sauka a idonta ba ta korarsa. Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mahaifina, takan ce daga inda take tsintar shinkafa, "Ke, kan ɗiya na hwa, ba takardar gwamnati ba." In ce mata ai so nake ta yi kyau.

Akwai makon da aiki ya riƙe ni, maƙwabciyar ta yi mata. Na dawo ina tsaye a tsakar gida sai na ji dariyar wata yarinya ta katanga, dariya har da shaƙewa. Na tambayi Inna 'yar wa ce wannan mai ƙyaƙyatawa haka. Ta dube ni ta ce, "Taki ta." Shekararta tara a lokacin, ban san muryar dariyarta ba. A makon ne kuma malamarsu ta aiko mini da littafin rubutunta, ya rame kamar marar lafiya. Ashe duk shafin da ta yi kuskure a ciki yage shi take yi, ta sake rubutawa tun daga sama.

Da na ba likitar wannan labarin ta ce to ga aikin gida ya samu. Tsaga guda za ki bari a karkace, ki gama kitson, ki ce mata ya yi.

Juma'a uku ina kasawa. Ta farko na karkatar da tsagar, kafin in ankara hannuna ya gyara ta. Ta biyu ban ma gwada ba, kuma ranar Alhamis na yi wa likitar ƙarya cewa yarinyar ba ta da lafiya. Ta uku na kitsa layin har rabi, sai na ji numfashina yana sama-sama, na tsefe, na kuma ji bakina ya ce, "Kin motsa." Ni da na karkatar da hannuna da gangan. Ranar na tsani kaina ƙwarai.

Ta huɗu na yi. Sama da kunnenta na hagu na ja kibiyar ta lanƙwashe, na kitsa a kai, na wuce layi na gaba ban bi da yatsa ba. Zufa ta jiƙa mini riga. Idona ya ƙi barin wurin, kunnuwana suna ƙugi, wani abu a cikina yana ta ihu cewa ana gani, kowa zai gani. Na ci gaba har na ɗaure na ƙarshe. Rana ba ta ko kusa faɗuwa ba. Na ce, "Ke, tashi, an gama."

Ba ta tashi ba. Ta ɗaga hannu ta bi tsagogin da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi. Da ta zo sama da kunne sai yatsan ya tsaya. Ta koma baya ta sake bi. Sannan ta juyo, ba ta dubi fuskata ba, gwiwata take kallo.

"Mama, wallahi ban motsa ba."

Na ce, "Na sani."

"Ko numfashi ban yi da ƙarhi ba."

"Na sani. Hannuna ne. Bar shi, ya yi kyau haka."

Sai ta ɗago ta dube ni, kuma abin da na gani a idonta tsoro ne. Ba ta taɓa jin wannan maganar daga bakina ba, ta ɗauka wani sabon fushi ne da ba ta san shi ba. Ta kai hannu biyu ta fara tsefe layin da kanta, hawaye suna zuba ba sauti, tana cewa, "Zan zauna shiru, Mama, ki gyara, zan zauna shiru." Inna ta ajiye faifai a cinya tana kallonmu.

Na so in ce a nan na riƙe hannunta na rungume ta. Ban yi ba. Kibiyar na ɗauka. Na ja tsagar ta miƙe sak, na kitsa, na bi da yatsa. Abin da ya fi cin raina har yau shi ne daɗin da na ji, buhun shinkafar nan ya sauka daga ƙirjina. Kuma a cinyata na ji wuyanta ya saki, ta sauke ajiyar zuciya. Mu biyu lokaci guda muka sami sauƙi, kuma na gane ciwon ya riga ya shige ta.

Ranar Alhamis ina bakin iyaka. Na faɗa wa likitar komai, ban ɓoye ba. Ta ce wannan ma ci gaba ne, an fara, yara suna saurin warkewa in uwa ta warke. Na tambaye ta in uwar ba ta warke ba fa? Ta fara amsawa, wayar ta tsallaka Benin. Na zauna a motar da gilasai a rufe, ban sake kira ba sai mako ya zagayo.

Shekara biyu ke nan. Har yanzu muna magana da likitar, ina shan maganin da ta rubuta, hannuna ya daina rawa, takarda sau biyu nake karantawa maimakon uku. Ta ce in yi murna da wannan, ina ƙoƙari. Yarinyar ta koyi kitso, ita ke yi wa ƙanwarta, kuma unguwa tana yabon hannunta, ana cewa gado ta yi.

Juma'ar da ta wuce na dawo da wuri. Ina cire takalmi a zaure na hango su a kan tabarma, ƙaramar a zaune kamar turmi, babbar tana bin tsaga da ɗan yatsa. Yatsan ya tsaya. Na ji muryata ta fito daga bakinta: "Kin motsa."

Na buɗe baki in kira ta da taushi, in ce ta bar shi haka, sai na tarar ba ni da sunan da zan kira ta da shi. Na ce, "Ke."

Ta zabura ta juyo, kibiyar a hannunta.

"Yanzu zan gyara, Mama."