Malam Abdulrauf da Kwamfuta Mai Mantuwa

Kafin direbobin motocin haya na danfo su cika titin Agege da oda, Malam Abdulrauf ya riga ya hau bene ya buɗe ɗakin da babu mai marmarin shiga. Duk Legas ana sharce gumi, shi kuwa da rigar sanyi yake zuwa aiki. Ɗakin ba taga, sai na'urar sanyaya iska da ƙugin babbar kwamfutar kamfanin, wadda fataken fata na Oko-Oba suka dogara da ita wajen aika saƙo ga masu sayen kayansu a ƙasashen waje. Ita guda ce, amma tana goye da wasu ƙananan kwamfutoci a cikinta, marasa jiki sai aiki. In uwar ta faɗi, 'ya'yan ma sun faɗi.

A nan yake wuni shi kaɗai. Tun rikicin da aka yi a gari ya mayar da iyalinsa Kazaure, ya koma kwana a ɗakin haya da rediyonsa. 'Yan ofis ba sa tunawa da shi sai saƙo ya maƙale. Mutum ɗaya ce ke leƙa shi don Allah: Iya Kalsum mai shara, dattijuwar da ke riƙon marayun jikokinta da wannan tsintsiya.

"Malam, an tashi lafiya?" takan ce kowace safiya. "Wannan ɗaki naka ai sai gawa."

"Lafiya lau, Iya. Gawar ma tana gaisuwa."

Sau da yawa wannan ce kaɗai hirar da yake yi har rana ta faɗi, kuma yana jin daɗinta ƙwarai.

A bara ne kwamfutar ta tsiro da wani hali. Duk Asabar, ranar hutunsa kuma ranar babbar sharar Iya, sai ta mutu. Abin haushin, tana rubuta duk abin da ke faruwa da ita, amma a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar ta mutu. In ya tashe ta sai ta farka fes, kamar ba ita ba. Inda babu shaida kuwa, laifi kan marar gata yake sauka. Mai kamfanin, Alhaji Baballe, ya yanke cewa tsintsiya ce ke fizge waya, ya ce in aka sake, Iya ta nemi wani aikin.

Malam Abdulrauf bai yi musu ba. Ya samo faifai na dabam ya ɗaura wa kwamfutar, ya umarci uwar da 'ya'yanta su riƙa zuba bayanansu a can, inda mutuwa ba ta gogewa. Ya tsara yadda tsofaffin bayanai za su riƙa matsawa don kada faifan ya cika. Sannan ya kashe ta da hannunsa ya sake tayarwa, ya ga komai yana nan. Duk wannan ya yi shi ne don ya wanke Iya.

Asabar ta zo, kwamfuta ta mutu. Ranar Litinin ya zauna ya karanta. Ba a ɗauke wuta ba, ba a taɓa waya ba. Zafi ne ya yi ta hawa a cikinta sannu a hankali har ta kashe kanta. Da Iya ta leƙo gaisuwa sai ya tambaye ta yadda take sharar Asabar. Cikin alfahari ta zaro zanen atamfa mai kauri daga jakarta.

"Sai na lulluɓe kwamfutar tsaf kafin in tayar da ƙura, in na gama ofis duka in yaye. Kaya mai tsada haka a bar wa ƙura? Ko rediyona ina rufewa."

Aikin da ya yi don ya cece ta shi ne ya kama ta. Goge bayanan ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba, kuma babu wanda zai sani. Bai goge ba. Ya sami Alhaji a ofis, magatakarda na nan yana ji.

"Oga, zafi ne ke kashe ta. Iya ke rufe ta da zane don kada ta yi ƙura. Amma ban taɓa gaya mata injin nan yana shan iska ba. Wanda ya sani ya yi shiru, shi ke da laifi."

"To ni yaya zan yi?" Alhaji ya ce. "Kwastoma sun ishe ni da wahala."

"A bar mata sharar ofis. Ɗakina ni zan share."

Alhaji ya yarda, da sharaɗin a sa wa ƙofar kwaɗo, kuma kada wata ƙafa ta ƙara hawa benen sai ta Malam. Kwamfuta ba ta sake mutuwa ba, Iya na nan da aikinta, jikokinta suna makaranta. Sai dai daga ranar gaisuwar safe ta yanke. Yana isowa kafin ta zo, tana tashi kafin ya sauko.

Malam Abdulrauf, kai ne ka koya wa inji riƙon gaskiya, kuma da gaskiyar ta zo da ɗaci ba ka tofar ba. Kai ne ka sayi abincin marayu da 'yar hirar da ita kaɗai ka mallaka a garin nan. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki ka koma Kazaure wajen iyalinka. Mu abokan aikinka mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Ku da za ku gaje shi, ku yi koyi da shi: ku tanadi shaida kafin ku ɗora wa wani laifi, in ta fito kuma ku haɗa ta da tausayi. Wanda ke son yi masa ban kwana ya hau benen duk da dokar Alhaji, ya ƙwanƙwasa, kada ya jira saƙo ya maƙale. Zai same shi shi kaɗai, da tsintsiya jingine a bango, ya yafa zanen atamfar da Iya ta bar masa a gindin matakala saboda sanyi.