Ƙwayoyin Bargo a Ɗakin Yamma

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina awon jini a asibiti kafin a mayar da ni wani ƙaramin ɗakin bincike a wata kwaleji da ke bayan garin Funtua. Shugaban ɗakin likitan dabbobi ne da bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, kuma na girme shi da kusan shekara goma sha biyar. Dakta kowa ke kiransa. Ranar da na kai masa takardata bai ce in zauna ba. Ya dubi hannuwana, ya tambaya ko ina noma. Na ce ina da gona a Kafur, nakan leƙa ƙarshen mako. Ya ce to in riƙa yanke farce. Tun daga ranar jininmu bai haɗu ba.

A cikin bargon ƙashi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba. In aka raine su yadda ya kamata, suna iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse. Burin Dakta shi ne ya yawaita su a kwalba, wata rana a yi wa shanun huɗa maganin ciwon gaɓa da su. Ban raina burin ba, don na sha ganin manomin da aikin damina ya tsaya masa saboda sa guda ya gurgunce.

Ni ke zuwa mayanka da sassafe in karɓo ƙashin cinyar akuya a kula mai ƙanƙara. In na dawo sai in wanko bargon, in zuba shi a ƙananan kwalaben roba tare da wani jan ruwa wanda shi ne abincinsu, in saka a inkubeta, wato akwatin da ke riƙe musu ɗumi irin na jiki. Bayan 'yan kwanaki, in ka duba ta madubin awo, za ka ga masu rai sun manne a ƙasan kwalbar sun miƙe sirara kamar mazari. Waɗanda suka mutu kuwa sai su dunƙule, su saki kwalbar, su riƙa yawo a ruwan.

Da sanyi abin ya yi kyau. Da bazara ta shigo sai suka fara mutuwa. Zubi na farko ya tafi, na biyu ya bi shi, na uku ko mannewa bai yi ba. Dakta ya ce ƙazantata ce. Ya tsaya a kaina ina wanke hannu, ya sa na sake tun daga farko a gaban ɗalibai mata biyu da suka zo koyon aiki. Na gaya masa cewa in ƙazanta ce ruwan zai gurɓace ya yi duhu, namu kuwa garai yake. Ya ce ba a ɗauke ni don in yi masa bayanin kimiyya ba.

Ɗakin namu yana fuskantar yamma, rufin kwano ne da silin da ya huje. Na'urar sanyaya ɗakin sai da wutar gari take aiki, wutar kuwa takan yi kwana uku ba ta zo ba. Wutar sola abu biyu kawai take ɗauka: inkubetar, da na'urar sanyaya ofishin Dakta. Wata rana bayan azahar na sa hannu cikin inkubetar, na ji kamar ɗumin ya wuce yadda na saba, alhali fuskarta tana nuna digiri talatin da bakwai. Washegari na zo da ma'aunin zafi na hannu na ajiye a ciki. Da la'asar na ciro shi: arba'in da ɗaya. Ashe tsohuwar na'urar lambar da aka saita mata take nunawa, ba zafin da ke cikinta ba. Kuma ɗumamawa kawai ta iya, ba ta sanyayawa. In ɗakin ya ɗauki zafi, ita ma ta ɗauka. Dafa ƙwayoyin muke yi kullum da rana.

Abin da ya kamata shi ne in tafi in gaya masa a take. Ban je ba. Na san shugaban kwaleji zai kewayo ranar Alhamis, sai na ci gaba da awona ina rubutawa a takarda, kwana huɗu, ina kallon zubi na huɗu yana mutuwa a hankali. Na san abin da nake yi, kuma a lokacin daɗi nake ji.

Ranar Alhamis shugaban ya shigo da mutanensa. Dakta ya shiga bayanin cewa aikin yana tafiyar hawainiya saboda rashin ƙwararrun ma'aikata. Sai na zaro takardata na miƙa wa shugaban, na ce, “Ranka ya daɗe, ga zafin da ke cikin akwatin nan kowace la'asar. Ɗaki ɗaya ne mai sanyi a ginin nan, kuma ba ƙwayoyin ke zaune a ciki ba.”

Shugaban ya karanta, ya miƙa wa Dakta, ya ce su duba abin da ya dace, ya wuce. Bayan sun fita Dakta ya rufe ƙofa ya matso kusa da ni.

“Tun yaushe ka sani, Malam?”

Na ce tun Litinin.

“Ka bari suka mutu don ka kunyata ni.”

Na ce shi ma ya bar zubi uku sun mutu don ya kunyata ni. Ya buɗe ƙofa ya fita. Inkubetar ta ci gaba da zama inda take, don ya rantse ba za a mayar masa da ofis ɗakin ajiya ba.

Sati biyu bayan haka ya tafi taro Abuja. Na lallaɓi sakatariyarsa ta ba ni makulli, ni da direban kwaleji muka ɗauki inkubetar muka kai ta kusurwar ofishinsa, na goge wurin da sinadari, na yi sabon zubi. Kwana tara ya yi a tafiyar. Kafin ya dawo ƙasan kwalaben ya cika taf, ƙwayoyin sun jeru suna murɗawa gefe guda kamar kunyoyin gona. Ban taɓa ganin sun yi kyau haka ba, ko da sanyi.

Ya dawo ya tarar. Ya zauna gaban madubin ya daɗe yana dubawa, yana canza kwalba bayan kwalba. Ina tsaye ina jiran ko kalma ɗaya. Da ya tashi sai ya tambaye ni wa ya ba ni izinin shiga ofishinsa. Kafin a tashi aiki takardar tuhuma ta iso ni, ita ma sakatariyar ta sami tata, kuma har yau ita ce abin da ke damuna a cikin lamarin, don ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Inkubetar dai bai fitar da ita ba. Sai dai ya kafa doka cewa ba zan shiga in canza wa ƙwayoyin ruwa ba sai yana nan. In na ƙwanƙwasa yakan bar ni a tsaye a baranda har ya gama waya. Haka muka yi wata biyu, ba gaisuwa, sai abin da aiki ya tilasta. Da ruwan farko ya sauka na rubuta takardar neman canji, ya sa hannu a ranar, aka mayar da ni awon jini a Malumfashi.

Na ji labarin aikin ya ci gaba, har ya yi rubutu a kan yadda zafin ɗaki ke kashe ƙwayoyin bargo a ƙasa irin tamu. Wata tsohuwar ɗalibarmu ta nuna mini a wayarta, na bi shi layi-layi har ƙarshe, babu inda ya ambaci wanda ya sa ma'aunin. Bara mun haɗu a wajen wata ta'aziyya a Funtua, tabarma ɗaya muka zauna. Da aka shafa addu'a ya miƙo mini hannu, na ba shi nawa, ya ce ya iyali, na ce lafiya lau, kowa ya nemi takalminsa.